Tarihin Ibnul Haisam, Malamin Da Ya Bi Sawun Haske

A wannan mako filin zai waiwayi rayuwar wani malami wanda ba da fiƙihu ko hadisi ya yi suna ba, ko da yake a ƙofar masallaci ya ƙare kwanakinsa, kuma da alƙalami ya ci abincinsa kamar sauran malamai. Sunansa Abu Ali Alhasan ɗan Alhasan ɗan Haisam, amma an fi saninsa da Ibnul Haisam. Abin da ya ba da ƙarfinsa a kai shi ne haske: yadda yake tafiya, da abin da ke samunsa idan ya shiga ruwa ko gilashi, da yadda ido ke gani da shi. Mai karatu zai iya ɗaukar wannan abin wasa ne. To, amma daga irin waɗannan tambayoyi ne aka taka har aka kai ga na'urorin da a yau ake haska ruwa ko ƙwayar magani da su, su faɗi sinadarin da ke ciki.

An haife shi a birnin Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 354 bayan Hijira, wato 965 ta Miladiyya. Basra kuwa tsohon gari ne na ilmi, garin Hasanul Basri da Halilu ɗan Ahmad da Jahizu. A lokacin, halifan Abbasawa yana Bagadaza da suna kawai, iko yana hannun sarakunan Buwaihawa. Amma kasuwar littattafai tana ci, domin an riga an shafe fiye da shekara ɗari da hamsin ana juya littattafan Yunanawa zuwa Larabci. Saboda haka yaron ya tashi ya tarad da lissafin Uƙlidis, da ilmin taurari na Batlaimus, da likitancin Jalinus, da falsafar Aristo, duk a cikin harshensa. Ya sha su sosai. Ibn Abi Usaibi'a, wanda ya rubuta tarihin likitoci a ƙarni na 13, ya ambata cewa ya taɓa riƙe muƙami a Basra, sai dai zuciyarsa tana wajen karatu, aikin hukuma kuwa yana cinye masa lokaci.

Abin da ya fitar da shi daga garinsu magana ce da ya yi a kan Kogin Nilu. Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, shi ya ruwaito labarin. Rayuwar Masar a wancan zamani tana rataye ne da cikar wannan kogi. Kowace shekara ana auna ruwan a ma'aunin da aka gina a tsibirin Rauda tun 861. Idan ya kai kamu goma sha shida sai a yi murna, an san za a ci abinci. Idan ya gaza, yunwa ce. Idan kuma ya wuce kima, sai ya kwashe gonaki da ƙauyuka. To, sai aka ji Ibnul Haisam yana cewa da a Masar yake, da ya yi wa kogin wani aiki wanda za a riƙa amfana da shi ko ya cika ko ya janye, domin ya sami labari cewa ruwan yana gangarowa ne daga wani tudu a iyakar ƙasar.

Maganar ta kai kunnen mai mulkin Masar, Alhakim bi Amrillah, halifa na shida na Faɗimiyyawa. Wannan sarki sai an ɗan tsaya a kansa, don a gane irin ramin da malamin ya jefa ƙafarsa. Ya hau gado a 996 yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Yana son ilmi, shi ya kafa Darul Hikima a Alƙahira a 1005, kuma a zamaninsa ne masanin taurari Ibn Yunus ya kammala babban jadawalinsa ya sa masa sunan sarkin. Amma mutum ne wanda ba a san gabansa ba. Ya sa an kashe Barjawan, wanda ya riƙe masa mulki yana yaro, kuma waziransa da alƙalansa da dama a bakin takobi suka ƙare. Ya sa an karkashe karnukan birni, ya taɓa umurtar a riƙa cin kasuwa da dare, har miyar lalo da Misirawa ke kira mulukiyya sai da ya hana. Irin wannan sarki ne ya aika wa Ibnul Haisam da kuɗi ya ce ya zo. Da ya iso kuwa, sarkin da kansa ya fita tarbarsa a wani ƙauye da ake kira Handaƙ a bayan gari.

Aka haɗa shi da magina da ma'aikata, suka nufi kudu suna bin kogi. Tun a hanya jikinsa ya fara yin sanyi. Ya ga gine-ginen mutanen da, ya ga yadda suka sassaƙa dutse suka jera shi da lissafi mai ban mamaki, sai ya auna a ransa cewa waɗanda suka iya wannan, da abin da yake nufi mai yiwuwa ne, da sun riga shi. Da suka kai Janadil, kudu da Aswan, inda ruwan ke ratsa duwatsu, ya duba wurin ta wannan gaɓa da waccan, ya tabbata abin da aka faɗa masa a Basra ba haka yake ba, kuma da kayan aikin zamaninsa ba yadda za a yi. A nan ne halinsa ya bayyana. Yana da dama ya fara haƙa, ya ci kuɗin sarki shekara da shekaru yana kawo dalilai, kamar yadda masu kwangila da yawa suka yi kafinsa da bayansa. Sai ya juya ya koma Alƙahira, ya tsaya gaban mutumin da ke kashe wazirai a kan ƙaramin laifi, ya gaya masa aikin ba zai yiwu ba. Abin da ya hango ɗin sai bayan kusan shekara ɗari tara aka iya: an gama madatsar Aswan ta farko a 1902, babbar kuwa a 1970.

Alhakim ya nuna kamar ya karɓi uzurin, ya ba shi wani aikin ofis. Malamin ya karɓa don tsoro, ba don so ba. Da ya ga zama kusa da wannan sarki kamar kwana da maciji ne a ɗaki, sai ya ƙirƙiro wa kansa hauka. Aka ƙwace dukiyarsa aka ajiye, aka tsare shi a gida, aka sa mai yi masa hidima. Haka ya zauna har wani dare a shekarar 1021, lokacin da Alhakim ya hau jakinsa ya nufi duwatsun Muƙaɗɗam bai sake dawowa ba. Sa'an nan Ibnul Haisam ya nuna lafiyarsa lau, aka mayar masa da kayansa.

Daga nan bai sake kusantar fada ba. Ya kama wata 'yar ƙubba a ƙofar masallacin Azhar ya zauna. Yadda yake ciyar da kansa abin sha'awa ne. Kowace shekara sai ya kwafi littafin Uƙlidis, da Almajisɗi na Batlaimus, da tarin ƙananan littattafan da ake karantawa tsakanin su biyun, da hannunsa mai kyau kuma ba kure. Idan ya gama, mai saye yana nan yana jira, ya biya dinari 150 ba ciniki. Wannan ne abincinsa na shekara, sauran lokacin kuwa nasa ne. Baihaƙi ya ruwaito cewa wani basarake ya zo ɗaukar karatu wurinsa, ya yanka masa dinari ɗari kowane wata. Bayan shekara uku, da ɗalibin zai tafi, sai ya fito da kuɗin gaba ɗaya ya mayar masa, ashe gwada shi yake yi ya ga ko ilmin ya fi dukiya daraja a wurinsa. Cikin waɗanda suka yi karatu a gabansa har da Mubasshir ɗan Fatik, masanin Masar.

Littafin da ya ɗaukaka sunansa shi ne Kitabul Manazir, mai kashi bakwai. Kafinsa, masana sun rabu a kan yadda ake gani. Masu lissafi, irin su Uƙlidis da Batlaimus, har da Alkindi a cikin Musulmi, suna ganin wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abu, kamar yadda makaho ke lalube da sanda. Mabiya Aristo suna cewa surar abu ce ke zuwa ido, amma ba su da lissafin da zai nuna yadda dutse guda zai shiga ɗan ƙaramin ido. Likitoci kuma suna da nasu bayanin. An yi fiye da shekara dubu ana wannan ja-in-ja.

Ibnul Haisam ya fara ne da abin da kowa ya sani. Wanda ya kalli rana idonsa zai yi zafi, wanda kuma ya daɗe yana kallon abu mai haske, idan ya juya wajen duhu zai ga alamarsa ta biyo shi. Ke nan wani abu ne ke shigowa ido daga waje ya yi masa aiki. Daga nan ya kafa tushen da dukan littafin ya hau kai, cewa kowane ɗigo na jikin abu mai haske, ko wanda aka haska, yana watsa haske ta kowace fuska a kan miƙaƙƙen layi. Ya raba haske biyu: na asali, kamar na rana da wuta, da na aro, kamar na bangon da rana ta doka, wanda shi ma yake zama kamar fitila ga abin da ke kusa da shi. Da wannan ya bayyana hasken alfijir, cewa iskar sama ce ke karɓar hasken rana tun ba ta fito ba, ta watso shi ƙasa. A wata risala dabam ya nuna cewa wata ba madubi ba ne. Hasken rana yake karɓa, sa'an nan kowane sashe nasa ya watsa shi ko'ina.

Abin da ya bambanta shi da magabatansa shi ne bai yarda a tsaya ga hujjar baki ba. Kusan kowace magana sai ya bi ta da gwaji, wanda yake kira i'itibari, ya faɗi yadda za a yanka katako, da inda za a huda bango, don mai shakka ya maimaita da hannunsa. Ya jera fitilu a waje, ya bar ƙaramar kafa ɗaya zuwa wuri mai duhu. Sai ga ɗigon haske a bango daidai da yawan fitilun, kowane yana fuskantar tasa. Idan aka rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. Wannan ya nuna hasken fitilun duka yana ratsa kafa guda ba tare da ya cakuɗe ba. Ta irin wannan kafa ya kalli husufin rana, ya ga surarta kamar jinjirin wata a bango, ya rubuta risala a kan dalilin haka. Wannan ɗaki mai duhu shi ne kakan kyamarar ɗaukar hoto.

Ruwa ma bai bar shi ba. Ya zuba jan abin sha a cikin gilashi mai garau, ya sa a hasken rana, ya riƙe farin ƙyalle a bayansa, sai ga ja a jikin ƙyallen. Wato haske idan ya ratsa ruwa yakan fito ɗauke da labarin abin da ya ratsa. A kashi na bakwai ya bayyana wani faifan tagulla mai alamun awo a gefensa, wanda ake tsoma rabinsa a ruwa, a shigar da hasken rana ta ƙananan kafofi biyu, a auna yadda yake karyewa idan ya bar iska ya shiga ruwa ko gilashi. Ra'ayinsa shi ne haske yana ɗaukar lokaci wajen tafiya, ko da ido ba ya iya lura, kuma yakan rage sauri a cikin abu mai kauri.

Ba a ce duk abin da ya faɗa daidai ne ba. Ya ɗauka ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara da ke tsakiyar ido ita ce ke jin haske, alhali kuwa tantanin bayan ido ne, kamar yadda Kepler ya nuna a 1604. Ƙa'idar karyewar haske ma, wadda Ibn Sahal ya riga ya zana a Bagadaza wajen 984, ba ta fito a littafinsa ba. Bayaninsa a kan bakan gizo kuwa, inda ya ɗauki gajimare kamar wani ƙaton madubi mai zurfi, kuskure ne. Da wuya a ce gyaran zai ɓata masa rai, domin shi da kansa ya rubuta littafi sukutum na shakku a kan Batlaimus, malamin da yake girmamawa, inda ya nuna wuraren da maganarsa ke karo da juna, kuma ya ja hankalin mai neman gaskiya da ya tuhumi abin da yake karantawa, ya tuhumi kansa ma. Ban da waɗannan, ya bar risaloli masu yawa a kan lissafi da taurari, cikinsu har da ta fitar da alƙibla ta hanyar lissafi.

Ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 1040, yana da kimanin shekara saba'in da biyar. Allah ya jiƙansa.

Abin takaici, littafin ya yi kusan shekara ɗari biyu da hamsin a ƙasashen gabas masu karanta shi ƙalilan ne. Sai a ƙarshen ƙarni na 13, a birnin Tabriz, Ƙuɗubuddin Shirazi ya samo kwafi ya miƙa wa almajirinsa Kamaluddin Alfarisi. Shi ne ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manazir, kuma shi ya gyara kuskuren bakan gizo da makamin mai littafin. Ya cika dunƙulallen gilashi da ruwa ya zama kamar ƙaton ɗigon ruwan sama, ya shiga da shi ɗaki mai duhu, ya bi haske a ciki. Ya gano hasken yana karyewa in zai shiga, ya dawo daga bayan ɗigon, ya sake karyewa in zai fita, kuma idan ya dawo sau biyu a ciki sai a sami baka na biyu. A Turai kuwa tun wajen 1200 aka juya littafin zuwa Latin, suna kiran mai shi Alhazen. Roger Bacon da Witelo da John Pecham duk a kansa suka gina, aka kuma buga shi a birnin Basel a 1572.

Daga nan zancen ya koma hannun wasu. Newton ya nuna da gilashi mai kusurwa uku cewa farin haske tarin launuka ne. A 1860 Bunsen da Kirchhoff a Jamus suka duba launukan harshen wuta, suka gano wani sabon sinadari a cikin ruwan wata maɓuɓɓuga. A 1921 wani Ba'indiye, C. V. Raman, yana cikin jirgin ruwa a Bahar Rum, shuɗin tekun ya dame shi da tambaya, ya ƙi yarda cewa hoton sama ne kawai. Ya koma Kalkata ya shiga haska ruwaye iri iri tare da K. S. Krishnan, da hasken rana da farko. Ranar 28 ga Fabrairu, 1928, suka tabbatar cewa daga cikin hasken da ruwa ke watsawa akwai wani ɗan mitsitsin kashi, ƙasa da ɗaya cikin miliyan, wanda launinsa ke sauyawa, domin ya ba ƙwayoyin sinadarin wani abu daga ƙarfinsa ko ya karɓa daga gare su. Tun da kowane sinadari da irin kaɗawarsa, sai sauyin ya zama kamar zanen yatsa, ba mai kama da na wani. An ba Raman kyautar Nobel a 1930.

Da aka ƙirƙiro hasken leza a 1960 sai aikin ya yi sauƙi. Idan ruwa ya haɗa sinadarai da yawa, akan fara tura shi ta cikin wani siririn bututu mai cike da gari, inda wasu ke saurin wucewa wasu na maƙalewa, dabarar da Mikhail Tswett na Rasha ya fara da launukan ganye a farkon ƙarni na 20. Suna fitowa ɗaya bayan ɗaya ana haska su, ana karanta zanen kowanne. Ruwan kansa ba ya watsa irin wannan haske da ƙarfi, saboda haka ba ya rufe abin da ya narke a cikinsa. Har an ƙera na'urar da ake riƙewa a hannu, kuma wajen 2010 hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta fara amfani da irinta mai suna TruScan wajen gane jabun magunguna. Ibnul Haisam bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma zalunci ne ga waɗanda suka yi aikin a ce shi ya yi. Abin da ya bari shi ne tushen cewa abin da aka haska yana watsa haske ta kowace fuska, da ɗabi'ar shiga ɗaki mai duhu a gwada.

A ƙasashen Larabawa, Mustafa Nazif na Masar ne ya farfaɗo da sunansa da littafi mai juzu'i biyu a 1942 da 1943, sa'an nan Abdulhamid Sabra ya buga kashi uku na farko na Manazir da Larabci a Kuwait a 1983. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tuna da shi a 2015, shekarar da ta keɓe wa haske, kuma akwai wani rami a jikin wata da aka sa wa sunansa. Kwafin Manazir mafi tsufa surukinsa ne ya rubuta shi a Basra a shekara ta 476 bayan Hijira, yana ajiye a Istanbul. A can ne kuma, cikin littattafan Aya Sofiya, ake da kwafin littafin lissafi na Abuluniyus wanda Ibnul Haisam ya rubuta da hannunsa a shekara ta 415, wato 1024, shekara uku bayan ɓacewar Alhakim.